Ƙarfe Biyu a Unguwar Gabas

Shekara goma sha tara Dillali ya yi yana nuna wa mutane gidaje, kuma in ka tambaye shi zai rantse maka bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ta wani ɓangaren da gaskiyarsa. Ba ya cewa bango sabo ne alhali tsoho ne. Abin da yake yi kawai shi ne, shi yake sa lokacin da za a je ganin gida. Gidan da ɗakunansa ke kallon yamma, da sassafe yake kai mutum, kafin rana ta juyo ta gasa bangon. Gidan da ke jikin makaranta, sai ranar da babu karatu. In kuwa bene ne, to a kowane hawa sai ya tsaya ya nuna maka wani abu, ko mitar wuta, ko tagar da iska ke shigowa, ya ja ka da hira har numfashinka ya dawo, ka isa sama kana cewa ashe ma ba wani nisa. Abokan sana'arsa suna tsokanarsa cewa agogon hannunsa ya fi bakinsa kawo la'ada. Shi kuwa sai ya yi dariya, don yabo yake ɗaukar maganar.

To, sai ga shi wata shekara shi ma ya zama mai neman gida. Hukuma za ta faɗaɗa titi, layinsu gaba ɗaya zai tafi, aka ba su wata uku su tashi. Su biyar ne a gidan: shi, da matarsa wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, da 'ya'yansu mata biyu, sai mahaifiyarsa, Inna.

Inna ta ba saba'in baya, gwiwoyinta kuma sun daɗe da yi mata tawaye. Amma ido da baki kam lafiya lau. Aikinta a duniya guda ɗaya ne: da la'asar a fitar mata da kujerarta ƙofar gida, ta zauna ta karɓi gaisuwa. Ta san wanda ya yi baƙo, ta san wadda ta haihu, ta san wanda ya sayi babur bai iya tuƙi ba. Mai wucewa in bai gaishe ta ba, ita za ta gaishe shi da ƙarfi har sai ya ji kunya ya dawo. Ita kaɗai ce kuma har yau take kiran Dillali Auta, duk da furfurar da ta fara cin gemunsa.

Cikin gari ya fi ƙarfinsu, don haka ido ya koma bakin gari, inda gine-gine ke ƙarewa hamada ta fara. Unguwanni biyu ne a wurin, titi ɗaya ya raba su, kuma a kowacce Dillali yana da gida guda a hannunsa.

Ta gabas tsohuwa ce. Gidajenta na ƙasa ne, masu tsakar gida, da bishiya a kusan kowace ƙofa. Sai dai layukanta rairayi ne, mota takan nutse in ba ka san inda za ka bi ba, ruwa kuma tanka ce ke kawowa sau biyu a mako. Ta yamma sabuwa ce fil. Benaye ne jere, da kwalta har bakin ƙofa, da famfo mai zuwa kullum, da fitilun titi. Gidan da ke hannunsa a can yana hawa na uku, babu lifta.

Sati guda suka yi shi da Malama suna juya maganar a kan tabarma bayan cin abinci. Ya ce yamma ta fi kusa da ofishinsa. Ta ce gabas ta fi sanyi da rani saboda kaurin bango. Ya ce wa zai riƙa jiran tanka? Ta ce sun yi shekara shida suna jiran tanka a farkon aurensu, ba wanda ya mutu. Abin da bai faɗa ba, kuma shi ne ainihin maganar, yana son in an tambaye shi inda yake zaune ya faɗa ba tare da ya rage murya ba. Shekara goma sha tara yana miƙa wa wasu makullan benaye yana komawa gida cikin rairayi. Ya gaji.

"Ni duk ɗaya ne a wurina," in ji Malama, "makarantarmu tana tsakiya. Amma Inna fa? Matakala hamsin da huɗu ce."

"Har kin ƙirga?"

"Kai ba ka ƙirga ba?"

Ya ƙirga mana. Tun kafin ta ƙirga ya ƙirga.

Washegari da safe, a gaban kowa, ya ajiye kofin shayinsa ya ce ya yanke shawara: Inna ce babba, ita za ta zaɓa. Zai kai ta ta ga duka biyun da idonta, inda ta nuna nan za su zauna. Inna ta ji daɗi har ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce Allah ya yi masa albarka. Malama kuwa ta bi shi da kallo har ya fita.

Ƙarfe biyu na rana ya kai Inna unguwar gabas. Ya tsayar da mota tun daga bakin layi, ya ce rairayin ciki yana da zurfi, gara su taka. Rana tana tsakiyar kai, ko inuwar bango babu. Inna ta dogara sandarta tana jan ƙafa, rairayi mai zafi yana shiga takalminta. Kowace ƙofa a rufe, kowace taga a rufe, layin ya yi tsit, ko kyanwa ba ta gifta ba. Da suka isa gidan, mai shuɗiyar ƙofa da bishiya a gabanta, ta kai hannu ga ƙarfen ƙofar, ta janye da sauri. Ya zagaya da ita ɗakunan bai yabi komai ba, bai kushe komai ba. A tsakar gida ta tsaya ta kasa kunne.

"Auta, akwai mutane kuwa a layin nan?"

Ya san amsar sarai. Ya sayar da gida uku a wannan layin.

"To, Inna," ya ce, "kin dai gani da idonki."

A mota ya kunna mata sanyi ya miƙa mata ruwa. Ya ce wa kansa ai bai yi ƙarya ba.

Unguwar yamma kuwa sai washegari, ƙarfe biyar da rabi, rana ta yi sanyi. Ya tsaya da mota daf da ƙofa. A hawa na farko ya nuna mata akwatunan wasiƙu, ya ba ta labarin wani da ya jefa makullinsa a ciki. A hawa na biyu ya tuna mata ranar da ya faɗo daga katanga yana yaro, ta yi dariya har da hawaye. Kafin ta ankara sun iso. A baranda akwai kujera mai hannu, shi ya kai ta tun da safe. Ta zauna, iskar yamma ta taso daga hamada ta daki fuskarta. Can ƙasa ga babban titi, motoci da mutane suna ta kai-komo.

"Kai, nan akwai motsi," ta ce. "Kuma hawan ma ba wuya."

Haka Inna ta zaɓa da bakinta, aka tare.

Watan farko tana sauka sau biyu a mako. Malama ta riƙe mata hannu, ɗaya daga cikin yaran ta ɗauko kujera. Sai dai ƙofar bene ba ƙofar gida ba ce. Wurin ajiye motoci ne kawai. Mutum zai fito daga mota da waya a kunne, ya shige ciki, ya rufo. Inna ta gaishe su da ƙarfi kamar yadda ta saba, wasu su ɗaga hannu, wasu su waiga su ga ko da wani take. Wata mata ma ta buɗe jaka za ta ba ta sadaka. Ran nan Inna ba ta ci abincin dare ba.

A wata na biyu gwiwar dama ta kumbura, likita ya ce a rage hawa da sauka. Daga nan sai baranda. Tana zama da la'asar tana kallon motsin da ta gani ranar farko, sai yanzu ta gane daga hawa na uku ba a gane fuskar kowa, kuma murya ba ta kai ƙasa. Mai karanta mita in ya zo, sai ta riƙe shi rabin awa tana tambayarsa iyalinsa, bawan Allah yana kallon ƙofa. Baki ya ragu. Inna da ba a iya cin abinci a gabanta ba tare da an ji labarin mutum uku ba, ta koma sai dai ta ce a miƙo mata gishiri.

Abin da ya fi damun Dillali shi ne wayar da take yi da ƙanwarta. Daga ɗaki yake jiyo ta. "A'a, wallahi bai tilasta mini ba. Duka biyun ya kai ni na gani. Yaran yanzu wa zai yi miki haka?" Duk lokacin da ya ji, sai ya nemi abin da zai fitar da shi daga gidan.

Wata rana wani abokinsa ya zo ganin gida, ya tambaya yaya aka yi tsohuwa ta yarda da bene. Dillali ya ce ai ita ta zaɓa. Bayan baƙon ya tafi, Malama ta same shi a kicin.

"Baban yara, ni ba zan faɗa mata ba, ba hurumina ba ne. Amma don Allah kada ka sake cewa ita ta zaɓa a gabana."

"Me na yi? Na kai ta ko ban kai ta ba?"

"Ka kai ta," ta ce, ta ci gaba da wanke kofunanta.

Gidan gabas kuwa yana nan a hannunsa har wata biyar, don da gangan yake jan ƙafa a kansa, shi kansa bai san me yake jira ba. Sai mai gidan ya fara ƙorafi. A makon ne wani mai gyaran firji ya zo ofis yana neman gidan ƙasa. Dillali ya buɗe baki zai sa lokaci, bakin ya riga shi: "Ƙarfe biyar da rabi."

Layin a cike yake, kamar yadda ya san zai kasance. An yayyafa ruwa a ƙofofi, rairayi ya kwanta yana ƙamshi. Tsofaffi sun fito da kujeru da tabarmi ƙarƙashin bishiyoyi. Mai kayan miya ya tsayar da kurarsa mata sun kewaye shi. Kafin su kai shuɗiyar ƙofa an gaishe su sau bakwai. Mai gyaran firji bai ma gama duba ɗakuna ba ya ce ya saya.

"Ba don ni ba ne," ya ce yana murmushi, "don tsohuwata ne. Ita in ba ta ga mutane ba, ciwo take yi. Ka san halinsu."

"Na sani," in ji Dillali.

Yana iya cewa gidan yana da matsala. Yana iya cewa an riga an yi magana a kai. Amma hakan na nufin ya koma gida ya ce a sake tashi, a tambaye shi dalili. Ya karɓi hannun mutumin, aka gama ciniki. La'adar ta shigo, ita ce ta farko a rayuwarsa da bai gaya wa kowa ba.

Tun da gwiwa ta kumbura, duk ƙarshen wata shi yake goya Inna ya saukar da ita zuwa asibiti, ya goyo ta ya dawo da ita. Ba ta da nauyi, abin ma har yana ba shi tsoro, amma matakala hamsin da huɗu ba wasa ba ce ga mai shekara kusan hamsin. Ran nan suna dawowa, a hawa na biyu ya tsaya yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Sai ya ji bakinta kusa da kunnensa.

"Auta, ka yafe mini."

"Me kika yi, Inna?"

"Son raina na bi. Iska ta ruɗe ni, na ga baranda na manta da ƙafafuna. Ga shi na mayar da kai jaki da girmanka. Kullum ina so in faɗa maka, kunya take hana ni. Kai ka yi naka, ni ce ban yi tunani ba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da ita a bayansa, idonsa a kan bango. Wato duk watannin nan da take zaune shiru a baranda, ba kewa kaɗai take ci ba, har da laifin da ba nata ba take ɗauke da shi. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ba komai, Inna." Ya ji kunyar wannan kalma fiye da duk abin da ya taɓa faɗa a sana'arsa.

Kwana uku yana shirya maganar, a mota, a ofis, a banɗaki. Duk yadda ya jera ta sai ta fito da kwalliya, da dalilai, da ai-kin-san-ruwa da ai-saboda-yara. Bakinsa ya saba gyara abu, ba zai iya fitar da ita tsirara ba. Abu ɗaya ya iya tsakani da Allah, shi ne nunawa. Ranar ta huɗu ya dawo gida da wuri ya ce Inna ta shirya, zai kai ta shan iska.

Ya goya ta ya sauko. Ya tsallaka titi da mota, ya shiga layin kai tsaye, ta gefen da ya san rairayi ba ya kama taya. Ƙarfe biyar da rabi. Ya tsaya nesa kaɗan da shuɗiyar ƙofa ya kashe mota, ya sauke gilashi.

Inna ta gyara zama. Idonta ya fara yawo kamar da, daga mai kayan miya zuwa matan da ke dariya, zuwa wani tsoho da ke faɗa da rediyonsa. Fuskarta ta buɗe, har ta fara cewa, "Kai, wannan wace unguwa ce mai..." Sai idonta ya sauka a kan ƙofar. Ƙarƙashin bishiyar wata tsohuwa ce a kujera, da sanda a jingine a cinyarta, wasu mata uku sun kewaye ta.

"Auta. Wannan ba shi ne gidan ba?"

"Shi ne."

"Yaushe duk waɗannan suka tare?"

"Sun fi shekara ashirin a nan, Inna."

Inna ba yarinya ba ce, kuma ta san sana'ar ɗanta. Sau nawa ta yi dariyar labarin gidan da ke jikin makaranta, har tana ba wa maƙwabta? Ya ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarta.

"Ƙarfe nawa ka kawo ni ran nan?"

"Biyu."

"Wa ya sa lokacin?"

"Ni ne."

"Motar kuma ga shi ta shigo."

"Tana shigowa. Ko ran nan ma da ta shigo." Muryarsa ta karye. "Kujerar baranda ma ni na kai. Hirar matakala ma da gangan ce. Ni nake son can, Inna, na san ba za ki iya ba, na sa kika faɗa da bakinki. Gidan nan kuma ni na sayar da shi watan jiya. Ba ki da laifin komai."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ashe aiki ka yi a kaina," ta ce a hankali.

"Zan nemo wani a layin nan. Ba su cika tashi ba, amma ko shekara za a yi, zan nemo."

"Ka nema."

Wata mata ɗauke da bokiti ta tsaya a jikin tagar. "Sannunku da zuwa. Mama, ina wuni? Baƙi ne?" Inna ta juya ta amsa mata gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Matar ta ce ta fito mana ta zauna, ga tabarma. Inna ta kalli bishiyar, ta kalli tsohuwar da ke kujera.

"Na gode, 'yata. Wurin da mai shi."

Ya tayar da mota suka tsallaka titi. A ƙofar bene ya zagayo ya buɗe mata, ya juya baya ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ya jira. Bai ji hannuwanta a kafaɗarsa ba. Sai ƙarar sanda ya ji a kan siminti, ta wuce ta gefensa.

"Inna, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce."

Ta kama ƙarfen matakala da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ta ɗora ƙafar hagu, ta jawo ta dama, ta tsaya. Ta sake. Yana bayanta da taki ɗaya, hannuwansa a buɗe ko za ta zame, yana jin yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Sau ɗaya ya taɓa gwiwar hannunta, ta janye ba tare da ta waigo ba. Wani maƙwabci ya sauko da waya a kunne, ya raɓa su ya wuce.

Sun kusa hawa na biyu sai ga Malama, ta ga motar daga baranda ta ji shiru ya yi yawa. Ta kalli Inna, gumi yana bin wuyanta, ta kalli mijinta da jajayen idanu. Ta sauko ta tsaya a gefen Inna ta miƙa kafaɗa.

Inna ta saki ƙarfen ta dafa ta.

"Mu je, 'yata," ta ce. "A hankali."

Dillali ya biyo su a baya, hannuwansa har yanzu a buɗe, ba wanda ya nemi ya riƙe komai.